Tagwayen Mai Hoto

Zuwa ga Injiniya,

Ina gaishe ki da kyau, matar gida ma ta ce in miƙa tata. Da fatan sanyin can bai gama da ke ba. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta fara yi mini tsiya in na durƙusa ɗaukar hoton yara. Ita kuma matar gida kwana biyun nan kasala ce ta sa ta gaba, ko ƙamshin girki ba ta so. Za ki ce wa ya tuna da ke yau. Ni ne dai, yayanki mai hoto, jikan yayar kakarki, wanda ya ɗauke ki hoton fasfo kina ɓata rai don na ce ki cire tabarau. Shekara goma sha ɗaya ke nan da tafiyarki, kuma in ban da ni ban san wanda ke rubuto miki a dangi ba, don haka ki daure ki karanta har ƙarshe.

Kin san shagona. Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar mutanen unguwar nan. Tsofaffin fim ɗin duk na mayar da su kwamfuta kafin danshi ya cinye su, kuma ya cinye su ɗin, bara buhu uku na zubar. Yanzu komai yana cikin ƙananan fayafai goma sha ɗaya a durowar teburina, kowanne na manna masa takarda da shekararsa. Makon jiya ɗaya ya fara wata ƙara kamar agogon bango.

Abin da ba ki sani ba shi ne, yanzu rabin masu shigowa shagona ba hoto suke zuwa ɗauka ba, nema suke zuwa yi. Mutum zai ce babansa ya rasu, ba su da hotonsa ko ɗaya, amma ya tuna wata shekara sun zo nan tare. Sai in buɗe durowa in yi ta lalube. Wata mai ɗinki ta zauna a bencina awa guda riƙe da hoton mijinta, ban iya ce mata in rufe shago ba. Hotunan Innarki ma, Allah ya jiƙanta, suna faifai na huɗu.

An ce mini akwai kamfanoni masu ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Mutum ya kai babbar kwamfutarsa, wadda kuke ce wa saba, su ajiye masa a kanta, shi kuma yana zaune a shagonsa yana zubawa yana ɗiba ta intanet. Na samu wani irinsa, tafiyar yini guda daga nan. Tunda an ce aikinki ke nan, ki faɗa mini irin wadda zan saya. Ki yi mini bayani yadda mai hoto zai gane, ba da yaren ofishinku ba.

Yayanki

* * *

Yaya,

Na ji daɗin wasiƙarka, na karanta ta sau biyu a wajen cin abincin rana. Ina lafiya. A duba mini gwiwa, a kuma gaishe da matar gida, ka kai ta asibiti ka daina cewa kasala ce. Tabarau ɗin nan har yau ban yafe ba, shekara goma na yi ina nuna wa jami'ai fuskar mai jin barci.

Eh, aikina ke nan. Kullum ina yawo tsakanin kantoci da rigar sanyi, ina neman ƙaramar fitilar da ta koma ja. A ƙarƙashin teburina akwai kwali cike da matattun fayafai, duk mako sai an kwashe. To ka fara sa wannan a ranka: kowane faifai zai mutu. Mai kyau da maras kyau duk ɗaya, bambancin kawai yaushe. Aikinmu ba hana shi mutuwa ba ne, shi ne ranar da ya mutu kada ya tafi da kayan mutane.

Tunda na'urar za ta zauna nesa da kai, kada ka sayi irin ta kan tebur. Ka nemi wadda aka ƙera don ta yi shekaru ba a kashe ta ba, ko da ta hannu ce daga wani kamfani, ta fi sabuwa ta gida. Ta kasance da akwatin wuta biyu, in ɗaya ya ƙone ɗayan ya riƙe. Fayafan kuma su zama masu zarewa ta gaba kamar durowa, don ma'aikacin can ya iya cire matacce ya sa sabo ba tare da ya kwance komai ba. Ka tambaya ko ana iya kunna ta daga nesa, don ba za ka so ka hau mota yini guda don danna maɓalli ɗaya ba.

Sai babbar maganar. Za ka sayi manyan fayafai biyu, in haɗa su yadda duk abin da aka rubuta a ɗaya zai hau kan ɗayan a lokaci guda. Ni tagwaye nake ce musu. In ɗaya ya mutu, ɗan'uwansa yana da komai, sai a kawo sabo ya kwafa daga gare shi. Amma kada su zama tagwayen gaske. Ka sayi ɗaya a wannan shago, ɗaya a wancan, ko na kamfani daban. Waɗanda aka ƙera rana ɗaya aka zuba a kwali ɗaya, ciwonsu ɗaya ne, kuma sau da yawa mako ɗaya suke tafiya. Na ga wannan da idona fiye da sau goma. Ka ƙara na uku, ya zauna a ciki ba ya komai, yana jiran ranar da za a neme shi.

Kuma ko ka yi duk wannan, kada ka taɓa durowarka. Tagwaye suna kare ka daga mutuwar faifai ɗaya ne kawai. In ka goge abu bisa kuskure, su biyun za su goge tare, ba wanda zai ce maka ka tabbata. Ƙananan fayafan nan goma sha ɗaya su zauna yadda suke, ka ci gaba da zuba sabon aiki a wani wuri na biyu.

In ka kai ta, ka sa sunana a cikin waɗanda kamfanin zai saurara, sauran aikin zan yi daga nan.

Ƙanwarka

* * *

Injiniya,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa da sauƙi. Matar gida mun je asibiti, an ba ta magani, an ce ta rage aiki.

An gama, sabar tana kan kanta ta goma sha huɗu tun ranar Talata. A kan cinyata na riƙe ta har can, direba ya ce in sa a but na ce sai dai ni in shiga but ɗin. Ɗakin nasu kuwa sanyi kamar cikin firji, ga ƙarar fanka har ba ka jin maganar na kusa da kai. Na tausaya miki.

Wasiƙarki na kai wa Dogo, mai shagon kwamfuta na bayan tasha, wanda shekara goma sha biyar shi ke gyara mini na'urori. Ya karanta yana dariya. Ya ce ku da kuke aiki a manyan wurare kun cika tsoro, irin na'urar da kika faɗa ta banki ce, mai hoto me zai yi da akwatin wuta biyu. Cikin kwana biyu ya haɗa mini wata da hannunsa, baƙa, mai kyau, har da fitila shuɗiya a gefe. Ma'aikatan can sun ɗan yi gunaguni wai ba ta shiga kantar sosai, sai suka kwantar da ita a kan faranti.

Tagwayenki kuwa na saya, a gabana ya yage ledarsu. Na tuna kin ce a raba shago, amma Dogo ya ce wannan camfi ne, in dai za su yi aiki tare gara su san juna. Har lambobinsu suna bin juna, ɗaya ya ƙare da shida ɗaya da bakwai. Na uku kuma ya ce ɓarna ce a sayi faifai a ajiye shi yana barci. Ni ma dai na ga kamar haka ne.

Na sa sunanki a takardarsu. Kalmar sirri tana ƙasan wasiƙar nan. Ki shiga ki yi abin da kika iya, ni kuma in fara zuba kaya.

Yayanki

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa, Allah ya ƙara wa matar gida sauƙi.

Na shiga, na haɗa fayafan, kayanka duk sun hau, kwana tara aka yi ana kwafa. Na kuma saita ta yadda in wani abu ya lalace za ta turo mini saƙo. Wannan shi ne labari mai daɗi, kuma ya ƙare.

Ban san dalilin da ya sa ka tambaye ni ba tunda kana da Dogo. Na zauna na rubuta maka shafi biyu, abu ɗaya ka ɗauka a ciki, shi ma ka juya shi. Abin da ke kan kanta ta goma sha huɗu kwamfutar wasan yara ce aka kwantar a faranti. Fayafan suna ɗaure da kusoshi a can ciki, ranar da ɗaya ya mutu sai an kashe ta an kwance. Fitila shuɗiya ba ta ajiye hoto.

Kuma fayafan ba sababbi ba ne. Kowane faifai yana ƙirga awannin da ya yi yana juyawa, kamar mota da tafiyarta. Na duba. Dukansu biyu sun yi shekara huɗu da wata uku suna aiki a wani wuri, rana ɗaya aka kunna su, rana ɗaya aka cire su. Leda kawai aka sake musu. Ko Dogo ya sani ko shi ma an yi masa, ba ruwana, amma ka ɗora shekara ashirin da biyu a kan tsofaffi biyu masu ciwo ɗaya.

Ka sayi faifai ɗaya na kirki a wani wuri, ka aika musu, zan sa su canza ɗaya daga ciki. Wannan kaɗai zai sa in iya barci. Kafin nan ka turo mini faifai na huɗu ta gidan waya. Ba zan bar Inna a hannun da ba ya jin magana ba.

Ƙanwarka

* * *

Injiniya,

Na ga wasiƙarki. Muna lafiya.

Hannun da ba ya jin magana. Na daɗe ina kallon layin nan. Wata goma sha huɗu Innarki ta yi a kwance, kuma a hannun nan ta yi su. Shi ya ɗauke ta ya hau da ita benen asibiti ranar da na'urar hawa ta lalace. Shi ya riƙe mata kofi. Matata ce ke juya ta kada bayanta ya yi gyambo. Ke kina can kina jiran takardar zama, kina bugo waya ranar Lahadi. Ban taɓa faɗa ba, ban kuma yi niyyar faɗa ba har in mutu, ke kika jawo. Lokacin da take da rai ba ki ce a turo miki ita ba, sai yanzu da ta zama hoto.

Faifai na huɗu ba zai zo ba, don na goge shi. Shi da sauran goman duk na goge, ina zuba bidiyon makarantu a kansu. Me zan yi da kaya wuri uku? Amma kafin nan na ciro duk hotunan Innarki, ɗari da sittin da biyu, ga su nan haɗe da wasiƙar nan. Ki ƙirga. Ba ki da sauran komai a wurina.

Dogo mutum ne da ya taɓa rufe shagonsa ya zo ya gyara mini na'ura ana ruwa. Ba zan je in ce masa ɓarawo ba don wata ta duba lamba daga nesa.

Na kira kamfanin na ce su cire sunanki. Na gode da wahalar da kika yi.

Mai hoto

* * *

Ɗaya daga cikin tagwayenka ya mutu. Na biyun ma ba zai daɗe ba, waɗanda suka fito tare haka suke tafiya tare, na gaya maka. Ka nemi wani ka maye gurbinsa tun da wuri.

* * *

Ke,

Wata biyar ba ki ce mini uffan ba, sai wannan. Ko gaisuwa babu.

Ban san wanda ya kai miki labari ba, kuma ba na son in sani. A barandar asibiti na karanta, a tsaye, kwana biyu da binne ɗana. Ɗan'uwansa yana cikin kwalba da roba a hanci, uwarsu tana ɗakin sama da ɗinki a ciki ba ta iya tashi. Shekara tara muna jira. Uku sun zube kafin waɗannan, shi ya sa ba mu gaya wa kowa ba. Sai ga ki da albishir wai na biyun ma ba zai daɗe ba, wai in nemi wani in maye gurbinsa, kamar tayar mota.

Na san na faɗa miki magana mai zafi a kan Innarki. Ashe ajiye ta kika yi kina jiran rana. To kin rama, har kin yi riba. Ban taɓa tsanar mutum ba yadda na tsane ki a barandar nan.

Kada ki sake rubuto mini. Ko kin rubuto ba zan gani ba, na sa adireshin imel ɗinki a akwatin shara.

* * *

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wallahi ban sani ba. Ban san tana da ciki ba, ban san an haihu ba, ba wanda ya gaya mini komai, kai kaɗai ne mai gaya mini abu kuma ka daina. Allah ya jiƙan yaron, ya raya ɗan'uwansa, ya tashi kafaɗar uwarsu. 

Faifai nake nufi, Yaya. Fayafan sabarka, waɗanda muke ce wa tagwaye. Mai lamba shida ya mutu ranar Litinin, na'urar ta turo mini saƙo. Na kira kamfanin sau uku, sun ce sunana ba ya cikin takarda, ba za su taɓa komai ba sai da izininka. Haushinka nake ji har lokacin, shi ya sa na rubuta layi uku na tura ba gaisuwa. Da na tambayi lafiyar gida kamar yadda aka koya mini, da ban yi wannan ba.

Ka tsane ni, na cancanta, amma ka yi abu ɗaya yau. Ka kira su ka ce a mayar da sunana. Ba sai ka sayi komai ba, ba sai ka je ko'ina ba, ni zan aika da faifai in sa a kwafe. Mai lamba bakwai ya fara tuntuɓe, kullum kurakuransa ƙaruwa suke yi. Shi kaɗai ke riƙe da komai yanzu, kuma ka ce ka goge durowa.

Wannan ce wasiƙa ta huɗu da na turo a makon nan. Na kira wayarka ba ta shiga. Don Allah ka buɗe ɗaya.

Ƙanwarka

* * *

Injiniya,

Ina gaisuwa. Yaron ya fito daga kwalba, mun dawo gida da shi ranar Alhamis, yana shan nono yana kuka da ƙarfi. Uwarsa tana takawa a hankali. Na gaya miki wannan ne don kada ki sake cewa ba a gaya miki ba.

Jiya na buɗe shago karo na farko cikin mako biyar. Wani direban babbar mota ya zo neman hoton mahaifiyarsa. Na ce ya zauna, minti biyu. Na danna, ba abin da ya buɗe. Na kira kamfanin, yarinyar da ta ɗauka ta je ta duba ta dawo ta ce na'urar tana kunne amma ba ta ganin faifai ko ɗaya, tun kwana goma sha ɗaya. Direban yana kallona. Na ce masa intanet ce, ya dawo jibi. Bayan ya fita na shiga akwatin sharar imel na samu wasiƙunki guda tara, na karanta su a jere.

Kin yi gaskiya a kan Dogo, kin yi gaskiya a kan kwali, kin yi gaskiya a kan durowa. Ga shi na rubuta, ki ajiye. Amma kalma ɗaya ce ta rage a layukan nan naki uku. Faifai. Harafi shida. Ke da kika rubuta mini shafi biyu a kan akwatin wuta, ranar da ake bukatar kalma ɗaya sai kika yi rowarta don ki nuna mini kina fushi. Ni kuma na yi jakancin da ya fi naki. Kowannenmu ya samu abin da zai riƙe a kan ɗan'uwansa har ƙarshen rai, sai mu gode.

Ba don shekara ashirin da biyu nake rubuto miki ba, ko da yake ban san da wane ido zan kalli unguwar nan ba. Hoto ɗaya nake nema.

Kwana biyu da haihuwarsu, wata nas ta haɗa su a gado ɗaya na minti kaɗan tana canza shimfiɗa, ta bar ni na shiga da kyamara. Sau ɗaya na danna. Da yamma na biya shago na yi abin da nake yi kullum, na zuba katin kyamarar a sabar na goge shi. Hannuna ne ya yi, ban ma yi tunani ba. Kwana biyu bayan nan ya rasu. Uwarsa ba ta taɓa ganinsa ba, an ciro su tana sume, an binne shi tana ɗakin sama. Na ce mata akwai hoto, ta ce in ajiye mata sai ranar da za ta iya kallo. Shekaranjiya ta ce ta shirya. Jiya da na koma gida na ce mata injin wankin hoto ne ya lalace.

Na mayar da sunanki. Na ce su ba ki duk abin da kika nema.

Yayanki

* * *

Yaya,

Na yi murna da dawowar yaron gida. Allah ya raya shi. A gaishe da uwarsa, ko da ba za ka ce daga ni ba ne.

Fayafan sun iso hannuna mako uku da suka wuce. Na kai su wurin masu buɗe faifai a ɗaki mai tsabta, wani abokin aikina ya san su. Mai lamba shida ba komai a cikinsa, allurar da ke karanta shi ta kankare fuskar faifan har ta zama gari. Mai lamba bakwai ya yi kwanaki yana juyawa da ciwo, ya karce kansa da yawa, amma an samu wani abu. Kamar ɗaya cikin goma. Sunayen fayil da shekaru duk sun tafi, hotuna ne kawai a zube, wasu cikakku wasu a yage.

Kwana shida na yi ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya, dubu talatin da wani abu. Na ga 'yan makaranta, na ga masu neman fasfo, na ga tsohon da ke sayar da jarida a bakin titinmu wanda na manta da shi sam. Duk zan turo maka, a fayafai biyu daga shago biyu, ko ka so ko ka ƙi. Wataƙila mahaifiyar direban tana ciki, kai ne za ka gane ta.

Ka ce na yi rowar kalma. Haka ne, na karanta layukan nan sau ɗari. Amma kai ma wata biyar kana da labarin da ya fi kowane girma a rayuwarka, ka bar ni ina zaune a nan ban san komai ba, don na ce ba ka jin magana. Ban faɗa don in kare kaina ba. Na gaji ne da zama wadda ake tunawa in na'ura ta yi ƙara.

Na samu hoton. Yana haɗe da wasiƙar nan, amma ka karanta wannan kafin ka buɗe, kuma kada ka buɗe a gabanta. Daga sama ka ɗauke su, suna kwance a gicciye, ɗaya a saman hoton ɗaya a ƙasa. Rabin sama ya fito tsaf. Rabin ƙasa launin toka ne kawai, wurin ya faɗa inda allurar ta karce. Na sa an sake gwadawa sau biyu, ba abin da ya rage a can da za a ciro. Fuska ɗaya ce ta fito, kuma ban san ko wanne ne ba a cikinsu.

Ƙanwarka

* * *

Injiniya,

Muna lafiya. Yaron ya fara bin fitila da ido. Fayafan sun iso, na gode.

Wanda ke saman hoton mai ran ne. Na sani, don shi aka sa wa filasta a hannun dama, ɗan'uwansa a hagu. Na zauna a shago na ja hoton har ya fashe, ina neman ko yatsa ɗaya a bakin tokar nan. Babu.

Na yanke tokar, na gyara haske, na wanke shi a takarda mai kyau, na kai gida. Niyyata in gaya mata gaskiya, har na shirya yadda zan fara. Tana zaune a bakin gado, yaron yana barci a bayanta. Ta karɓa da hannu biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Shi ne?"

Na ce shi ne.

Ni da ke kaɗai muka sani, kuma haka za a bar shi. In wata rana kika zo gida, za ki gan shi a bango a ɗakinta, ki yi masa addu'a kamar kowa ki wuce. Ba na neman ki ce na yi daidai, kuma kada ki rubuto ki ce ban yi ba.

Tun ranar kullum sai ta ɗauko shi ta kalla, ta juya ta kalli wanda ke kwance. Jiya ta ce mini marigayin ya fi ɗan'uwansa kama da ni.

Yayanki